Fam ɗayan Ayalan da ajamin da muka bari aka goge

Akwai wata koriyar fam ɗaya da nake ajiyewa cikin ambulan a ƙasan akwatina. Ko biredi ba za ta saya ba yau a Dublin, babban birnin ƙasar Ayalan. A wani ɗan shagon tsofaffin kuɗi da kan sarki na same ta, na kuma biya fiye da abin da aka rubuta a jikinta ba tare da na yi ciniki ba. Abin da ya tsayar da ni zanen da ke jikinta ne: zare ya shiga zare, ya fita, ya sake komawa, ba ka ganin farko balle ƙarshe. Wallahi sai na ga kamar dagin Arewa nake kallo a goshin wani tsohon soro a Zazzau.

Fam ɗin na cikin jerin kuɗin da Babban Bankin Ayalan ya fara fitarwa a 1976, wanda masu tarawa ke kira jerin Kelt, da sunan tsohuwar al'adar mutanen ƙasar. A fuskarta Sarauniya Medb ce ta tatsuniyoyinsu, mace mai jan rundunar yaƙi, irin yadda mu ma ake ba mu labarin Amina. A bayanta kuwa an ɗauko rubutun hannu daga ɗaya daga cikin tsofaffin kundayen harshensu. Fam biyar tana ɗauke da wani malamin falsafa na ƙarni na 9, Eriugena, bayanta kuma an yi mata ado daga Littafin Kells, wato Linjilar da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 800, wadda har gobe ake layin kallonta a Kwalejin Trinity. Duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana na ɗalibin da ya sauke, ko Alƙur'ani rubutun hannun Barno, zai gane irin haƙurin da aka zuba a shafukan nan. Fam goma da fam ashirin marubuta ne, Swift da Yeats. Fam hamsin kuwa makaho ne mai kaɗa garayarsu, O'Carolan. Ka duba jerin nan da kyau, babu shugaban ƙasa ko ɗaya.

Kafin su akwai na 1928, masu hoton wata mata ta jingina da garaya. Sunanta Hazel Lavery, mijinta ne ya zana ta, kuma haifaffiyar Chicago ce ta Amurka, amma ita ta zama fuskar Ayalan. Ko da aka sauya kuɗin, an bar hotonta a ɓoye cikin takardar, sai ka ɗaga ta ga haske za ka gan ta, har zuwa 2002 da yuro ta karɓi kasuwa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne harshe. Yawancin mutanen nan da Turanci suke kwana suke tashi, kaɗan ne ke magana da harshen kakanninsu a gida. Duk da haka shi suka sa a fuskar kuɗin nan, suka tura Turanci baya. Ba don kowa na iya karantawa ba, sai don kada yaro ya tashi bai san kamannin rubutun gidansu ba.

Mu fa? Tun zamanin Turawa kuɗinmu ke ɗauke da ajami, domin a lokacin shi ne rubutun da ɗan kasuwa da manomi suka sani. A 2007 aka cire shi daga naira biyar, goma, ashirin da hamsin, aka sa Hausa da Yarbanci da Ibo da haruffan boko. A 2014 naira ɗari ita ma ta bi sahu. Ya rage a ɗari biyu, ɗari biyar da dubu, shi ma kullum ana jayayya a kansa, wasu na cewa Larabci ne, alhali Hausa ce tsantsa, adadin kuɗin kawai aka rubuta. Ba na ƙin a sa harsunan 'yan'uwanmu, hakkinsu ne, ƙasar ta kowa ce. Abin da nake ƙi shi ne a ce sai an goge wani kafin a rubuta wani. Takardar da ta ɗauki hoton Murtala a gaba da Ladi Kwali tana gina tukunya a baya ba ta rasa wurin kalma biyu ba.

Sai dai laifin ba na hukuma kaɗai ba ne. Mu ba ma ajiya. Dattijon mai shagon nan ya nuna mini yadda suke yi: takardar da ba ta taɓa lanƙwasa ba daban kuɗinta, ana duba shekara, da lamba, da sa hannun gwamnan banki, kowace a cikin rigar leda. Kuma har yau bankinsu na karɓar tsohuwar fam ya ba ka yuro ɗaya da 'yan kai, amma mutane da yawa sun gwammace su riƙe abinsu. A gidanmu kakata tana da sule da sisi da taro da kwabo mai huji a cikin wata ƙaramar kwalla, ragowar kuɗin da aka daina karɓa bayan zuwan naira a 1973. Da su muka yi wasan 'yar kasuwa a tsakar gida har suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tsawata mana, domin kowa na ganin kuɗin da ba ya sayen komai ya zama tarkace.

Watan jiya na roƙi ƙanena ya nemo mini tsohuwar 'yar Murtala ta takarda, mai ajami, ta kafin 2007. Ya zaga wajen 'yan canji a Wapa, ya tambayi tsofaffin 'yan tireda na unguwarmu, sai a mako na uku ya samo guda ɗaya a wurin wani mai shayi da ya liƙa ta a jikin teburinsa. Ta yage a gefe, ta sha hayaƙi, amma "naira ashirin" na nan ana karantawa. Na ce kada ya goge ta, kada ya ninke ta, ya sa ta a tsakiyar littafi har in zo da Sallah.