Ranar da na sallami mai fenti tun kafin ya zo

Kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu a banɗakinmu ya girmi ɗana na fari. Launinsa ya koɗe, kan famfon da ke samansa kuwa ɗiga yake dare da rana kamar agogo. Da mai fenti ya faɗi kuɗin aiki sai na ce a raina, shafa fenti dai ba karatun likita ba ne. Ranar Asabar na gangara Dilimi, a nan cikin Jos, na sayo farin fentin mai lita 1, da burushi mai inci 2, da tina, da sabon kan famfo, da mariƙan ƙofa biyu. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ba ka ɗauki samfefa da andakot ba." Na ce masa ai ni ba sabon shiga ba ne. A zatona ƙarin ciniki yake nema.

Ashe irin wannan kabad ɗin katakon MDF ne, wato na garin katako da aka matse, da aka lulluɓe da wata fata mai santsi, kuma fenti ba ya kama santsi. Yadda masu abin ke yi, sai a kwance ƙofofin, a wanke su da ruwan omo don maiƙon sabulu ya fita, su bushe, a goge da samfefa mai lamba 120 har sheƙin ya mutu, a share ƙurar, a shafa andakot, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama. In ya bushe a bi shi sama-sama da mai lamba 220, sannan a yi shafi biyu marasa kauri, da kwana guda a tsakaninsu. Duk wannan daga baya na koya. Ni dai ƙofofin na maƙale a wurinsu na lafta musu shafi ɗaya mai kauri, wai don in huta da na biyu.

Kuma a watan Agusta, a Jos, ruwa na sauka ba ƙaƙƙautawa, a banɗakin da tagarsa ba ta fi faranti ba. Fentin ya riƙa zubar da hawaye yana gangarowa. Samansa ya yi fata, cikinsa ɗanye sharaf. Da magariba na rufe ƙofofin, da asuba suka ƙi buɗuwa, sun manne. Da na fizga sai fentin ya saluɓe kamar ɓawon dafaffen dankali. Uwargida ta fito daga wanka da farin layi a zaninta, ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Sannu da aiki, injiniya."

Mariƙan ma ba su shiga ba. Tsakanin ramukan tsofaffin milimita 96 ne, na sabbin 128. Ban taɓa sanin ana auna wannan ba.

Sai na koma kan famfo don in wanke kaina daga abin kunya. Na sa sifana na kwance tiyon da ke ƙasa, ban rufe makullin da ke saukar da ruwa daga tanki ba. Wanda bai taɓa shan ruwan tankin Jos a fuska da sassafe ba, bai san sanyi ba. Na toshe bakin bututun da babban yatsa ina kiran yara su rufe ruwa, su kuma suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo.

Bayan an rufe, na naɗa farin tef ɗin nan na hana yoyo a bakin zaren bututun, wato inda noti ke murɗawa, amma a baibai. Ana naɗa shi ne ta ɓangaren da ake ɗaure noti, in ba haka ba yana warwarewa da an fara murzawa. Ya ci gaba da tsiyaya, na ƙara ƙarfi, notin roban da ke riƙe famfon ya ce ƙas. Baƙar robar da ke hana yoyo kuwa sai da yamma na tsince ta a aljihun wandona.

Ran Litinin mai gyaran famfo ya zo, ya durƙusa ya leƙa, ya taɓa fentin da har yanzu yake danƙo, ya girgiza kai. Ya ce, "Yallaɓai, wane ɗan koyo ne ya yi maka wannan ɓarnar?"

Na ce wani yaro ne, kuma na riga na kore shi.

Daga kicin sai muka ji uwargida ta ƙware da shayi.