Ba a fagen daga aka fara ba da "Gwarzon Tarayyar Sobiyat" ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa wannan laƙabi, mafi girma a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, na sojojin da suka yi bajinta a yaƙi ne kaɗai. Ba abin mamaki ba ne, tunda daga cikin mutum fiye da 12,000 da suka samu, sama da 11,000 a Yaƙin Duniya na Biyu suka samu.

Amma ran 16 ga Afrilu 1934 aka kafa shi, ana zaman lafiya. Waɗanda suka fara samu matuƙan jirgin sama ne su 7, na farkonsu Anatoly Lyapidevsky. Jirgin ruwan Chelyuskin ne ƙanƙara ta matse shi har ya nutse a Tekun Chukchi, can arewa maso gabashin Rasha, mutum 104 suka maƙale a kan ƙanƙara, matuƙan suka riƙa sauka suna kwashe su kaɗan-kaɗan. A lokacin ko tauraruwar zinaren da aka san laƙabin da ita babu. Sai a 1939 aka ƙirƙiro ta.

Daga baya 'yan sama-jannati sun samu, irin su Yuri Gagarin a 1961 da Valentina Tereshkova a 1963. Siyasa ma ta tsoma baki: an ba Gamal Abdel Nasser na Masar a 1964, shi kuwa shugaban Sobiyat Leonid Brezhnev sau 4 ya karɓa yana kan mulki, daidai da Marshal Zhukov, babban kwamandan Sobiyat a Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya zubar wa laƙabin kwarjini. Na ƙarshe da ya samu, Leonid Solodkov, gwanin nutso ne a ƙarƙashin teku, a Disamba 1991.