Almakashin edita ne ke tona asirin wakilci a Star Wars da Star Trek

A ƙarshen fim ɗin Star Wars mai suna The Rise of Skywalker na 2019, lokacin da mayaƙa ke murnar cin yaƙi, kamara ta gifta kan wasu mata biyu suna sumbatar juna a cikin taro. Kafin fim ɗin ya fito, darakta J.J. Abrams ya nuna cewa masu soyayyar jinsi ɗaya za su ga kansu a ciki. A Singafo an cire wurin domin fim ɗin ya tsaya a rukunin 'yan shekara 13, a Dubai ma an cire. Wanda ya kalla a can bai ji wani abu ya ɓace ba, domin tun farko an ɗauki sin ɗin ta yadda cire shi ba zai ci komai ba.

Ga yadda ake yi. Babu magana a wurin, kiɗa ne ke tafiya a kai, saboda haka sauti ba ya tsinkewa. Matan biyu ba su riƙe da wani zaren labari, kuma babu sin na gaba da ke waiwayar abin da ya faru. Fim ɗin sinima hoto 24 ne a kowace daƙiƙa. Edita zai zare 'yan gomomin hotuna, ya haɗa gaba da baya, shi ke nan. Kamfani ya samu kanun labarai a Amurka, ya kuma samu kuɗin tikiti a inda hukumar tace fina-finai ba za ta lamunta ba. Masu karatu da yawa a nan, saboda addini da al'ada, ba sa son ganin wannan sin ko na daƙiƙa ɗaya. Waɗanda aka ce dominsu aka yi shi su ma ba su gode ba, ba'a suka yi masa. A ganina kamfanin ya yi wa ɓangarorin biyu wayo ne, kuma wannan wayon bai tsaya kan masu soyayyar jinsi ɗaya ba. Da shi ake juya baƙaƙen fata da 'yan Asiya.

Dubi John Boyega, ɗan Landan da iyayensa 'yan Najeriya ne. Fuskarsa ce ta fara bayyana a tallan farko na The Force Awakens a 2014, kuma an yi ta nuna shi riƙe da takobin haske, abin da a Star Wars ke nufin wannan shi ne jarumi. A fostar da aka buga domin kasuwar Sin kuwa sai aka ƙanƙance hotonsa. Rol ɗinsa, Finn, ya zo da labarin da ya fi na kowa nauyi: yaron da aka sace aka mayar soja, ya ƙi harbin fararen hula, ya gudu. Marubuci mai hankali zai gina fim uku a kan wannan. A fim na biyu an tura shi wani birnin caca neman mai fasa lambobin sirri, a na uku yana ta cewa yana da maganar da zai faɗa wa Rey, babbar jarumar labarin, har aka tashi bai faɗa ba. A 2020 ya fito fili a mujallar GQ ya gaya wa Disney, kamfanin da ya mallaki Star Wars, kada su ƙara tallata baƙar fata a matsayin babban jarumi sannan su ture shi gefe.

Ba sai an nemi makirci ba kafin a gane dalili. Fim uku, darakta biyu, kuma ba tare da taswirar labari guda ba: Abrams ya fara, Rian Johnson ya karɓa, Colin Trevorrow da aka ba na uku ya bar aikin a 2017, Abrams ya dawo. Duk lokacin da labari ya sauya hannu, sabon marubuci yakan kare abin da ba ya taɓuwa, wato Rey da abokin gabarta Kylo Ren, ya rage sauran. Kelly Marie Tran, wadda iyayenta 'yan gudun hijirar Biyetnam ne, ta riƙe babban rol a 2017. Bayan zagin da ya sa ta goge hotunanta na Instagram a 2018, fitowarta a fim na uku ba ta kai minti biyu ba. Ko da ba da niyya aka yi ba, masu zagin sun ɗauka su suka yi nasara.

Star Trek ta fi daɗewa a wannan fage, kuma ita ma ba wankakkiya ba ce. Da aka fara ta a tashar NBC a 1966, Nichelle Nichols, baƙar fata, tana zaune a ɗakin tuƙin jirgi a matsayin hafsa, ga George Takei, wanda gwamnatin Amurka ta tsare shi da iyayensa a sansani yana yaro saboda asalinsu na Japan. A 1967, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, aka ƙara ɗan Rasha. Masu cewa yau ne aka fara cusa siyasa a waɗannan fina-finai ba su kalli na farkon ba. Amma Nichols ta so ta ajiye aikin bayan zangon farko, sai Martin Luther King ya roƙe ta ta zauna, domin yara baƙaƙe na kallonta. Ɗaya daga cikin yaran ita ce Mae Jemison, wadda ta je sararin samaniya a 1992.

A kan soyayyar jinsi ɗaya kuwa Star Trek ta shafe kusan shekara hamsin tana kewaye-kewaye. An ƙi ɗaukar rubutun David Gerrold mai suna Blood and Fire, wanda ke ɗauke da masu soyayyar jinsi ɗaya, a ƙarshen shekarun 1980. Sumbar mata biyu a shirinta na Deep Space Nine a 1995 sai da aka lulluɓe ta da hujjar cewa ɗayar a wata rayuwa namiji ce. A 2016 aka nuna Sulu, rol ɗin da Takei ya fito a ciki a da, da mijinsa na ɗan lokaci a Star Trek Beyond, kuma Takei, wanda shi kansa namiji yake aure, shi ne ya ce bai so ba: a ƙirƙiro sabon mutum mai nasa tarihin, maimakon a liƙa wa tsohon rol abin da ba a rubuta shi da shi ba. Ina ganin ya fi masu fim ɗin gaskiya.

Sai a shirin Star Trek mai suna Discovery, 2017, aka yi abin da almakashi ba zai iya ba. Paul Stamets shi ne injiniyan da jirgin ba ya tsallen nesa sai da shi, Hugh Culber kuma likitan jirgi. An nuna zaman soyayyarsu ne a gaban madubi, cikin kayan barci, suna goge haƙora, likitan na yi masa faɗa kan kasadar da ya yi da jikinsa. A nan dangantakar ginshiƙi ce, ba fenti ba: cire ta, ka rasa dalilin abin da Stamets ke yi a rabin zangon. Tashar da ba ta so, zaɓinta ɗaya ne, kada ta saya. Duk da haka marubutan sun kashe Culber a zangon farko, suka sha suka, suka dawo da shi a na biyu. Andor ma, shirin Star Wars wanda kusan kowa ya yaba, ya kashe Cinta a 2025 jim kaɗan bayan ta shirya da masoyiyarta Vel. Marubuci na son mutuwar da za ta girgiza mai kallo amma ba ya iya taɓa babban jarumi, sai hannunsa ya faɗa kan na gefe, kuma na gefen nan yawanci su ne tsirarun.

Akwai gaskiya a bakin masu cewa wasu daga cikin waɗannan shirye-shirye ba su yi daɗi ba. An soke The Acolyte, wani shirin Star Wars, a 2024 bayan zango ɗaya, kuma kuɗin da ya ci ya fi ƙarfin yawan masu kallonsa. Sai dai zagin jarumarsa, Amandla Stenberg, ya fara ne tun daga talla, kafin kowa ya ga kashi na farko, saboda haka ba rubutun ake zagi ba. Andor ɗan Meziko ne ke jansa, Diego Luna, da karin harshensa yadda yake, kuma bai sha irin wannan ba, abin da ke nuna rubutu mai ƙarfi na rage wa masu zagi abokan tafiya. Ba ya kawar da su. Moses Ingram, baƙar fata da ta fito a shirin Obi-Wan Kenobi, ta ce tun kafin shirin ya fito a 2022 kamfanin Lucasfilm mai shirya Star Wars ya gargaɗe ta cewa saƙonnin wariyar launin fata za su zo. Sun zo ɗaruruwa, kuma a wannan karon shafin Star Wars da jarumin shirin, Ewan McGregor, sun fito sun tsaya mata cikin 'yan kwanaki, shekara huɗu bayan Tran ta goge hotunanta.