Ga Masu Digirin Da Ke Jin Kunyar Gona

'Yan uwana matasa, musamman ku da kuka karanta kimiyya ko aikin noma kuka dawo gida da kwali, yau da ku nake. Kullum kukanmu ɗaya ne: babu aiki, babu kayan aiki, an yi watsi da mu. Ban musa ba. Amma ku saurari labarin George Washington Carver, sai ku auna da kanku.

Cikin bauta aka haife shi a jihar Missouri ta Amurka, wajajen 1864. Yana jariri aka sace shi tare da mahaifiyarsa. Shi an samo shi, ita kuwa shiru har abada. Da ya tasa, wata kwaleji a Kansas ta ba shi gurbin karatu ta wasiƙa, amma da ya iso suka ga baƙar fata ne, sai suka sallame shi. Da wankau da ƙwadago ya lallaɓa har ya samu digiri a kwalejin noma ta Iowa a 1894, ya ƙara na biyu a 1896.

A shekarar ce Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee da ke jihar Alabama, ya kira shi ya zo ya koyar a can. Carver ya tarar babu ɗakin gwaji na kirki, sai ya ja ɗalibansa suka bi juji suna tsintar kwalabe da tsofaffin tukwane, da su aka fara aiki. Mu kuwa sai mu ce sai an kawo na'ura daga Turai tukuna.

Manoman da ya tarar 'yantattun bayi ne da 'ya'yansu, bashi ya yi musu katutu, auduga shekara da shekaru ta tsotse ƙasar ƙaf. Kuɗin takin zamani babu. Carver ya koya musu haɗa taki da busasshen ganye da taɓon fadama da kashin dabbobi, ya ce su riƙa hutar da gona daga auduga, su sa gyaɗa da wake da dankali. In ka tuge gyaɗa ka karkaɗe ƙasar, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle manne a jikin saiwa. Cikinsu ne wasu ƙananan halittu ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, gona ta samu abinci kyauta.

Bai zauna a ofis yana jiran manomi ya zo gaishe shi ba. A 1906 aka haɗa keken doki, aka loda masa iri da garma da kayan nuni, makaranta ta riƙa bin mutane har bakin gonarsu. A 1916 ya fitar da ƙasida mai sauƙin karatu kan noman gyaɗa da hanyoyi 105 na sarrafa ta a ci. Ana yawan yi masa kirari da cewa ya fitar da abubuwa kusan 300 daga gyaɗa. Gaskiyar magana, yawancinsu ba su shiga kasuwa ba, kuma a ganina ba nan girmansa yake ba. Girmansa shi ne shekara 47 da ya yi a Tuskegee, har rasuwarsa a 1943, yana yi wa talaka bayani da harshen da zai gane.

To, ɗan uwa, kai fa? Iyayenmu sun daɗe suna haɗa gero da wake a gona ɗaya. Su sun san yana da amfani, kai ka san dalili, amma girman kai ya hana ku zama tabarma ɗaya. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tana fitar da ingantattun irin gyaɗa da wake. Mutum nawa a ƙauyenku ka taɓa faɗa wa?

Kaka na tafe. Ka san gyaɗar da aka dura a buhu ba ta gama bushewa ba tana yin funfuna, funfunar kuma na haifar da guba mai lalata hanta, wadda suya ba ta kawar da ita. Ka rubuta wannan a jarrabawa, har ka ci maki. Sauran ka je wurin goggonka mai ƙuli-ƙuli, ka durƙusa ka gaishe ta, ka nuna mata ƙwayoyin da suka yamutse ko suka sauya launi, ku tsince su tare kafin a kai inji.