Nauyi kaɗai bai isa ba

Cewar da ake yi gajimaren iskar haidirojin da ke sararin samaniya yana durƙushewa da nauyin kansa ya haifi taurari gaskiya ce, amma rabinta. Sai sanyin cikinsa ya kai wajen digiri 260 ƙasa da sifiri, in ba haka ba zafi ya hana iskar dunƙulewa. Ga kuma inda gizo ke saƙar: ƙaton tauraro, wanda ya ninka rana sau ashirin a nauyi, yana kunnuwa tun bai gama cika ba, haskensa ya riƙa ture iskar da ke ciyar da shi. Abin da ke cetonsa faifan iskar da ke kewaye da shi ne: iska ta shigo ta gefe, haske ya fice ta sama da ƙasa. Mai cewa duk gajimaren kan zama taurari, ka dubi Oriyon mana, wani gajimaren iska da ke haifar taurari: taurari huɗu na tsakiyarsa ba korar sauran iskar suke ba?