Mace Mai Gudun Dogon Zango: A Daina Ɗora Wa Gudu Laifin Yunwa

Da wuya a nuna matan da ke tseren dogon zango a talabijin a tashi ba a ji wani ya ce, "Wannan ai ta bushe, ta koma namiji." Maganar tsohuwa ce. A gasar Olamfik ta Amsterdam a 1928 aka fara barin mata su yi tseren mita 800, jaridu suka baza cewa sun zube a galabaice, daga nan aka hana su duk tseren da ya haura mita 200, sai a Roma a 1960 aka dawo musu da shi. A 1967 wani jami'in gasar gudun fanfalaki ta Boston ya bi Kathrine Switzer tana cikin gudu yana neman fizge lambar da ke jikin rigarta. Gudun fanfalaki na kilomita 42 kuwa sai a 1984 mata suka same shi a Olamfik, a Los Angeles, inda Joan Benoit ta zo ta ɗaya. A duk tsawon shekarun nan hujjar masu hanawa ɗaya ce: jikin mace ba zai ɗauka ba, mahaifa za ta lalace, sura za ta ɓaci.

Sun yi kuskure. Sai dai wanda ya ce atisaye mai tsanani ba ya taɓa jikin mace ko kaɗan, shi ma bai faɗi gaskiya ba. Illa akwai, kuma mai girma ce, amma tana inda masu kallo ba sa dubawa. Ni a ganina yawancin abin da ake ɗora wa gudu, daga ɗaukewar haila har zuwa rubewar ƙashi, aikin yunwa ne: mace na ƙona abin da ya fi wanda take ci, wata da watanni, sau da yawa da sanin mai horar da ita, wani lokaci ma da umarninsa.

Batun sura bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Macen da ta shekara tana gudu, ko tuƙa keke, ko ninkaya na sa'o'i a kowane mako, kitsen jikinta zai ragu, wannan babu musu. Tun da cinya da ƙugu da ƙirji ne inda jikin mace ya fi ajiye kitse, nan raguwar ta fi bayyana, kuma nono kan ɗan ragu saboda kaso mai yawa nasa kitse ne. Tsoka kan fito fili don abin da ya lulluɓe ta ya yi ƙasa. Amma faɗin ƙashin ƙugu da tsayin ƙafa da ginin kafaɗa gado ne, gudu ba ya sassaƙa su. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, matan da suke gani a sahun gaba an riga an tace su: cikin dubbai da suka fara, masu siririn jiki da dogayen ƙafafu tun asali su ne suka fi kaiwa can. Haka masu ninkaya da faɗin kafaɗarsu. Wasan ne ya zaɓe su tun kafin ya horar da su.

Sauyin da ya fi yawa a ciki yake. Zuciya na ƙara girma da ƙarfi, jini na ƙaruwa, bugun zuciya a lokacin hutu kan sauka zuwa 50 a minti ko ƙasa da haka, tsoka na koyon ƙona kitse a maimakon dogaro da sukari kaɗai. A wannan na ƙarshe mata ma sun ɗan fi maza.

Zancen komawa namiji kuwa, lissafi kaɗai ya isa ya kashe shi. Sinadarin testosteron, wanda ke sa gemu da kaurin murya da ƙaton damtse, ya ninka wajen sau 15 a jinin namiji a kan na mace, kuma gudun dogon zango ba ya cike wannan tazara. Hoton 'yar wasa mai muryar maza da ya zauna a zukatan mutane ya samo asali ne musamman daga Jamus ta Gabas, inda a shekarun 1970 da 1980 gwamnati ta riƙa ɗirka wa 'yan mata ƙwayoyin ƙara ƙarfi, da yawansu ba tare da sun san abin da suke sha ba. Wannan aikin ƙwaya ne.

To ina haɗarin yake? A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da likitoci ke kira haifotalamus. Shi ke aika saƙo a kai a kai, kusan kowace sa'a ɗaya zuwa biyu, ga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashinsa, ita kuma ta saki sinadaran da ke umartar ma'ajiyar ƙwai ta nunar da ƙwai, ta kuma samar da istirojin da furojestaron, sinadaran da ke tafiyar da haila. Wannan wuri kullum yana lissafin abin da ke shigowa jiki da abin da ke fita. Yana jin labarin kitse ta wani sinadari mai suna leftin da aka gano a 1994, yana jin na sukari ta insulin. Idan ya ga abin da ke shigowa bai kai ba, sai ya yi abin da maigida mai hankali ke yi idan samu ya ja baya: a bar girki da biyan haya, a dakatar da ginin da ba na gaggawa ba. A wurin jiki numfashi da bugun zuciya dole ne, ɗaukar ciki kuwa yana iya jira. Sai saƙon ya yi jinkiri, ƙwai ya daina fita, istirojin ya faɗi, haila ta fara tsallake wata, daga baya ta ɗauke. Sinadarin maƙogwaro da ke hura wutar jiki ya ragu, kotisol na damuwa ya hau, mace ta riƙa jin sanyi kullum, barci ya ƙi, gashi ya riƙa zuba.

An daɗe ana zaton ƙarancin kitse ne kaɗai sanadi. A 1974 Rose Frisch ta jami'ar Harvard ta kawo ra'ayin cewa sai kitse ya kai kusan kashi 17 cikin 100 na jiki yarinya ke fara haila, kuma sai kusan kashi 22 take ɗorewa. Ra'ayin ya yi tashe, amma ya kasa bayyana dalilin da ya sa ake samun siririyar 'yar tsere mai haila lafiya lau, ga kuma wata mai jiki da tata ta ɗauke. Binciken Anne Loucks ta jami'ar Ohio ne ya warware ƙullin. Ta sa mata atisaye mai nauyi, wasu ta mayar musu da duk abin da suka ƙona ta hanyar abinci, wasu ta rage musu. Waɗanda suka ƙoshi saƙon ƙwaƙwalwarsu bai rikice ba, duk da wahalar iri ɗaya ce. A aikin da ta fitar a 2003 ta nuna cewa cikin kwana 5 kacal saƙon ke fara rikicewa idan abin da ya rage wa jiki bayan an cire na atisaye ya gaza kalori 30 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) a rana a kan kowane kilo na jikin da ba kitse ba. Wanda jiki ke zaune lafiya da shi wajen 45 ne.

A ɗauki mace mai kilo 55, wadda kilo 45 daga ciki tsoka ne da ƙashi da sauran gaɓoɓi. Tana cin kalori 2,000 a rana, abin da ya ishi mai zaman ofis. Gudunta na cinye 900. Saura 1,100, wato kusan 24 a kowane kilo. Ba ta ƙin abinci, ba ta da wata cutar ƙyamar ci, tana ma iya cewa ta ƙoshi, domin atisaye mai tsanani kan danne sha'awar abinci na wasu sa'o'i. Amma jikinta a cikin fari yake. Kafin ta kai inda ya kamata sai ta ci kusan 2,900. Lambar 30 ɗin nan ba katanga ba ce, wata kan jure ƙasa da haka, wata kuma ta rikice tun kafin ta kai, amma alƙiblar ba ta sauyawa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Da abin ya tsaya a haila, da wasu sun ce ai hutu ne, kuma haka 'yan wasa da yawa ke ɗaukarsa. Akwai ma waɗanda ke ganin ɗaukewar shaida ce ta cewa atisaye ya kama jiki. Matsalar ita ce istirojin ne mai gadin ƙashin mace. A 1984, shekarar da Benoit ta ci zinarenta, Barbara Drinkwater ta auna ƙashin bayan 'yan wasan da hailarsu ta ɗauke, matasa 'yan shekara ashirin da wani abu, ta tarar ƙarfinsa ya yi daidai da na matan da suka kai shekara 50. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙashin da mace za ta rayu da shi tana tara shi ne kafin ta cika shekara 18 zuwa 20. Yarinyar da ta shafe waɗannan shekaru babu haila ta rasa lokacin tarawa, kuma ba a cika mayar da shi duka ba. Alamar farko kan zo a matsayin 'yar tsagewar ƙashi a ƙwauri ko tafin ƙafa ko ƙugu, ba tare da faɗuwa ko buguwa ba, ta warke, wata ta fito a wani wurin.

Likitocin wasanni sun san wannan tun tuni. A 1992 ƙungiyarsu ta Amurka ta haɗa abubuwa uku wuri guda, ƙarancin abinci da rikicewar haila da raunin ƙashi, ta ce cuta ɗaya ce mai fuska uku. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya faɗaɗa bayanin da suna RED-S, wato ƙarancin ƙarfin abinci a jikin 'yan wasa, ya shigar da zuciya da hanji da garkuwar jiki da lafiyar ƙwaƙwalwa, ya kuma ce maza ma na kamuwa. Tun da ilimin na nan, me ya sa abin bai ragu ba?

Saboda a farkonta yunwa tana biya. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu horarwar da ke ɗora 'yan mata a kan sikeli, kuma bai kamata a yi kamar babu ita ba. Rage kilo biyu ko uku kan sa mai gudu ta ƙara sauri na wasu watanni, ta ci gasa, kowa ya yaba. Kakar da ke biye ce ke kawo bashin. An bi wasu matasan 'yan ninkaya na tsawon mako 12, waɗanda aikin ƙwansu ya danne saurinsu a mita 400 ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100, sauran kuwa ya ƙaru da kusan kashi 8. Amma koci na iya ɗaukar lambar yabon kakar farko ya sa a tarihinsa, idan yarinyar ta karye ya kawo wata. Ita ce za ta zauna da ƙashin har tsufa.

Mary Cain ta kasance yarinyar da ta fi kowa gudu a zamaninta a Amurka. A 2019 ta fito a jaridar New York Times ta ce a ƙungiyar Nike Oregon Project, ƙarƙashin Alberto Salazar, an matsa mata sai ta rame ta ƙara ramewa, hailarta ta ɗauke shekara 3, ƙasusuwanta 5 suka karye. Salazar ya musanta da yawa daga cikin zarge-zargen. Abin lura a labarin shi ne wurin da ya faru: ƙungiya mai kuɗi da kayan aiki irin na ƙarshe a duniya. Idan can aka yi shekara uku ba a tsaya ba, ina ga ƙaramin kulob da koci ɗaya ke riƙe da komai, kuma yarinya na jin kunyar ambaton haila a gabansa?

Akwai kuma kuskuren da ake yi a ɗakin likita. Mace ta zo ta ce wata shida ba ta ga jini ba, a rubuta mata ƙwayar tazarar haihuwa, jini ya dawo a ƙarshen wata, kowa ya kwantar da hankali. Wannan jinin na ƙwaya ne, ƙwaƙwalwa na nan a yadda take, kuma yanzu an rufe alamar da za ta nuna ko an samu sauƙi. Ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka ta faɗa a ƙa'idojinta na 2017 cewa kada a ba da irin wannan ƙwaya don kawai a dawo da haila ko a gyara ƙashi. Maganin farko shi ne ƙarin abinci, musamman mai sitaci kafin atisaye da bayansa, da rage nauyin atisayen, bayan an tabbatar ba ciki ba ne ko wata cuta dabam. A duba jini ma, domin haila da gumi da dukan ƙafa a ƙasa duk suna rage sinadarin ƙarfe, kuma ƙarancinsa na kawo gajiyar da ake ɗauka lalaci ne.

Haihuwa dai ba ta tafi ba. Paula Radcliffe ta Ingila ta haihu a Janairun 2007, ta lashe gudun fanfalaki na New York a Nuwambar shekarar. Faith Kipyegon ta Kenya ta ci zinaren mita 1,500 a Olamfik na 2016, ta haihu a 2018, ta dawo ta sake cin zinare a Tokyo da Paris. Jasmin Paris ta lashe tseren kilomita sama da 400 a tsaunukan Birtaniya a 2019, ta wuce maza duka, tana tatsar nono wa jaririyarta a wuraren tsayawa. Macen da ke gudun rabin sa'a sau huɗu ko biyar a mako tana cin abincinta kuwa, wannan magana ba tata ba ce. Tana cikin minti 75 zuwa 150 na motsa jiki mai ƙarfi da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so kowane baligi ya yi a mako, kuma ƙashinta ƙaruwa yake yi da shi.

Abin da nake so in gani daga hukumomin wasanni bai da tsada. A hana koci auna nauyin yarinyar da ba ta kai 18 ba, a bar wannan ga likita ko masanin abinci idan da buƙata. A sa tambayar haila a cikin binciken lafiyar farkon kaka, kuma ma'aikaciyar lafiya ce za ta yi ta a keɓe, amsar ta tsaya a wurinta. Wadda ta kai shekara 15 ba ta fara ba, ko wadda ta yi wata 3 a jere ba ta gani ba, a tura ta asibiti kamar yadda ake tura wadda ta gurɗe a gwiwa. Kulob ɗin da 'yan matansa ke yawan tsagewar ƙashi kuma, hukuma ta kira kocinsa ta tambaye shi abin da suke ci da wanda ke tsara musu shi.