Ba kowace wiwi ake nomawa don sha ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa manoman Amurka da suka rungumi noman hemp tabar wiwi ta maye suke nomawa. Tsiron dangi ɗaya ne, amma dokar noma ta 2018 ta halatta wanda sinadarinsa mai bugarwa, wato THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. A jihar Kentucky, inda kasuwar ganyen taba ta ja baya, wasu manoma sun koma noman hemp saboda zarensa, ƙwayarsa da mansa. Hukumar noma ta jiha ke ba su lasisi, malaman gona na Jami'ar Kentucky kuma su ba su shawara kan zaɓen iri, domin amfanin da ya haura iyakar nan a gwaji yakan ƙare a lalatawa. A Najeriya har yanzu noman hemp laifi ne.